Yadda Birki Ya Koya wa Auta Numfashi

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannun mutumin nan ya san dalilin da ya sa ake ce masa Birki. Motarsa ta koyarwa birki biyu gare ta, ɗaya a ƙarƙashin ƙafar ɗan koyo, ɗaya a ƙarƙashin tasa, kuma wallahi nasa ya fi cinyewa. Kafin ka yi kuskure ya taka. Kai, kafin ma tunanin kuskuren ya zo maka ya taka, sai dai ka ji goshinka ya kusa gaisawa da sitiyari, shi kuma yana harararka yana cewa, "Ina za ka? Gidanku ne nan?" Shekara ashirin da uku yana wannan aiki, kuma abin da yake tinƙaho da shi ko'ina ya zauna shi ne ba a taɓa goge masa ko fentin mota ba.

Da can direban motar haya ne. Wata rana da hantsi, a gaban idonsa, wani sabon direba ya rikice ya taka totur a maimakon birki, ya haye gefen titi inda mutane ke jiran mota. Ba wanda ya mutu, amma abin ya tsaya wa Birki a rai. Daga nan ya ajiye haya ya koma koyarwa, da niyyar cewa duk wanda ya bi ta hannunsa ba zai taɓa yin irin wannan ba. Mutum ne mai kirki, kada ka ji faɗan nan ka ɗauka mugu ne. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya iya ganin abu yana tafiya bai sa baki ba. Ko shayi matarsa take haɗawa sai ya leƙo ya ce sukari ya isa.

'Ya'yansa uku. Manyan biyu maza ne, sun girma sun kama gabansu. Sai Auta, wadda ta zo bayan an fitar da rai, kuma ita ce hasken idonsa, ba ya ma ɓoyewa. Tana shekara shida likitoci suka ce tana da otizim, abin da wasu ke kira galahanga. Matarsa, wadda duk gidan har shi ke ce wa Umma, ta hana a faɗi wannan kalma ta biyun a gidanta. Auta ba ta son hayaniya, ba ta son a taɓa ta ba zato, kuma a faranti ɗaya take cin abinci, wani shuɗi mai tsagin baki. Magana kuwa kai tsaye take yinta. Ta taɓa ce wa wata baƙuwa, "Kin yi awa biyu da minti goma, yaushe za ki tafi?" Umma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, shi kuwa Birki sai da ya fita waje ya yi dariyarsa ta ishe shi. Sannan tana da ɗabi'ar lilo da jikinta, gaba da baya, gaba da baya, in ta ji daɗi ko in ranta ya dagule.

Da ta kai shekara sha huɗu aka mayar da ita babbar makaranta, bene mai hawa uku, inda ake buga ƙararrawa kowane minti arba'in, yara su ɓarko kamar an buɗe famfo. Nan fargaba ta kama ta. Da safe sai ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a baya, gumi na keto mata, ta ce, "Baba, ƙirjina yana gudu." Wata rana amai, wata rana kuka. A ƙarshe dai wata uku cur ta yi a gida, ko shagon da ke ƙasan gidansu ba ta iya sauka.

Sai aka haɗa su da wata likita, gajeruwar mata mai sanyin murya, wadda ke tara matasa biyar masu irin lalurar Auta kowace Alhamis. Ɗakinta ba agogo mai ƙara, ba fitila mai kashe ido. Abin da take koya musu ba shi da wani tsawo: in tsoro ya taso, kada ka yi kokawa da shi. Ka lura a ina yake a jikinka, a ciki ne ko a maƙogwaro, ka ce ga shi nan ya zo, sannan ka mayar da hankali kan numfashinka yadda yake shiga yana fita. In hankalin ya gudu, ka dawo da shi a hankali, ba faɗa. Auta ta kama abin da hannu biyu. Bayan mako takwas ta koma makaranta rabin yini, bayan wata huɗu ta koma gaba ɗaya. Wannan numfashi shi ne kaɗai abin da ya taɓa yi mata aiki, kuma kowa a gidan ya san haka.

To, sau uku Likita ta kira zaman iyaye, sau uku Birki yana da ɗan koyo mai jarrabawar lasisi. Umma ce ta je. Ita ce kuma ke zama da Auta minti goma kullum bayan makaranta, a falo, lokacin shi yana can kan titi yana taka birki. Bai taɓa ganin yadda ake yi ba, ko sau ɗaya.

Ana nan sai mahaifiyar Umma ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Dole Umma ta tafi jinya wani gari, kwana goma sha ɗaya. Tana haɗa kaya tana yi masa bayani, ta nuna masa takardar Likita da ke manne a jikin firji.

"Ka dawo gida ƙarfe biyar, ka zauna da ita minti goma. Shi ke nan."

"Zama kawai?"

"Zama kawai, Baban Auta. Don Allah zama kawai."

"Haba Umma! Ni da na koya wa mutum ɗari bakwai tuƙi, minti goma ne zai gagare ni?"

Ranar farko ya karanta takardar sau biyu, kamar yadda yake karanta dokokin hanya. Suka zauna, ita a kan kujerar katako da ke kusa da taga, shi a gefenta. Auta ta lumshe ido ta fara lilonta, gaba da baya. Birki ya duba takarda, ya duba yarinya. An rubuta nutsuwa, ga shi yana ganin motsi. Nan take ya yanke hukunci a ransa cewa Umma ce ta yi sako-sako da abin, irin na uwa. Bai san cewa Likita da kanta ta ɗaura numfashin Auta a jikin wannan lilo ba: in ta yi gaba ta ja, in ta yi baya ta saki. Ina zai sani, tunda bai je ba?

Ya ɗora mata hannu a kafaɗa. "Tsaya cak, Autana. Mai nutsuwa ba ya rawa."

Ta tsaya. Auta ba ta wasa da doka. In aka ce mata ga yadda ake yi, to ta riƙe ke nan.

Rana ta biyu ya fara yi mata ƙirga. "Ja. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Saki. A'a, kin yi sauri. Sake." Rana ta uku ya koma gabanta ya zauna yana kallon fatar idonta, da ya ga ta motsa sai ya ce, "Hankalinki ya tafi, na gan shi! Dawo da shi." Har takarda ya zana mai gida-gida, irin wadda yake cike wa 'yan koyo: zama, ja, saki, nutsuwa, kowanne da makinsa. Ya manna ta a firji kusa da ta Likita, yana jin kansa.

A rana ta huɗu ne Auta ta buɗe ido ta ce, "Baba, ba haka Likita ta ce ba."

Wannan ita ce maganar da har gobe ba ya mantawa da ita. Yarinyar da ba ta iya ƙarya ba ta gaya masa gaskiya ƙarara, da rana tsaka, ba a kaikaice ba. Da ya tambaye ta, "To yaya ta ce?" da shi ke nan. Amma me ya ce? Ya yi murmushin nan nasa na malami ya ce, "Likita ta fara, ni kuma ina gyarawa. Rufe ido."

Ta rufe. Daga ranar ta riƙa zama a sandare, hannuwa a kan gwiwa, haƙora a cije, tana jan iska da lissafi. Shi kuwa daɗi kamar ya kashe shi. Ya kira Umma a waya ya ce mata yarinya ta ƙware, yanzu ko motsi ba ta yi. Umma na cikin hayaniyar asibiti, ana kiran ta ta zo ta riƙe tsohuwa, ba ta ji shi sosai ba, ta ce madalla ta kashe. Ya ga Auta ta fara barin abinci a shuɗin farantinta, ya ce kewar uwa ce. Ya ji tana tambaya tun da safe, "Yau ma za mu yi?" ya ce ai ɗoki ne. Kowace alama ta zo ta tsaya a gabansa, ya ba ta hannu ta wuce.

Rana ta tara, yana tsakiyar koya wa wata mata yadda ake ja da baya, aka kira shi daga makaranta. Ya tarar da Auta a tsugune ƙarƙashin matakalar bene, ta toshe kunnuwa, jikinta na ɓari, rigarta sharkaf. Malamar ajinsu na tsaye nesa kaɗan, ita ma idonta ya yi ja.

"An buga ƙararrawa ba a kan lokaci ba ne," in ji malamar. "Na ga ta fara firgita, sai na ce mata abin da na saba, koma ga numfashinki. Kullum yana yi. Yau ina faɗa sai ta ƙwalla ƙara ta ruga."

Sai da aka yi kusan awa kafin Auta ta yarda ta shiga mota. A wajen wata danja, tana kallon gabanta, ta ce da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka:

"Na manta yadda ake numfashi daidai. In na ja, sai in ji kana cewa na yi sauri. In na saki, sai in ji kana cewa sake. Da can ba kowa a wurin. Yanzu kana ciki."

Danja ta ba da hannu, na baya suka yi ta danna masa oda, Birki bai ji ba. Abu guda ɗaya tak yarinyar nan take da shi na kare kanta a duniya, wanda ta yi wata huɗu tana ginawa, shi kuma ya shiga da takalminsa ya tattake shi cikin kwana tara. Ba maƙiyi ba, ba wani yaro mai tsokana a makaranta ba. Shi, ubanta.

Ranar Alhamis Auta ta ce ba za ta je wurin Likita ba. Makaranta kuwa ba a ma tayar da zancen ba. Da Umma ta dawo, tun kafin ta ajiye jaka idonta ya sauka kan takardarsa mai gida-gida. Ta karanta ta tun daga sama har ƙasa. Da ma ta yi ihu, da ya fi masa sauƙi.

"Maki ka riƙa ba ta?"

"Na ɗauka..."

"Na ce maka zama kawai. Sau biyu na faɗa, har da don Allah." Ta cire takardar ta ninke ta miƙa masa. "Riƙe kayanka. Kuma gobe kai za ka je ka yi wa Likita bayani da bakinka, ni ba zan iya ba."

Ya je. Ya zayyana mata komai bai rage ba, har maganar rana ta huɗu. Yana jira ta wanke shi tas, don shi da ɗan koyo ne ya yi masa irin wannan ɓarna da ya ji ba daɗi. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, zauna nan. Minti uku. Ka lura da numfashinka kawai, ni ba zan ce komai ba."

Minti uku, jama'a! Bai kai rabin minti ba hankalinsa ya tafi wajen tayar baya da ke rage iska. Ya dawo da shi, ya gudu wajen Auta a ƙarƙashin bene. Ya dawo da shi, sai ga sabon direban nan na shekara ashirin da uku da suka wuce yana hawa gefen titi, tar kamar yau. Yana ta sauraron ta ce masa ya yi daidai ko bai yi ba, ta ƙi cewa. Da ya buɗe ido sai ya ga ƙafarsa ta dama ta danne dardumar ɗakin da ƙarfi har yatsunsa sun yi tsami.

"Na faɗi ko?" ya ce.

"Ba a faɗuwa a nan, ba a kuma ci. Hankalin kowa yana tafiya, nawa ma haka. Dawowar ita ce aikin, kuma mai hankalin ne kaɗai zai iya dawo da abinsa. In wani ya riga shi, ya ƙwace masa aikin ke nan." Sannan ta ce, "Kai ma ka daɗe da tsoro, Malam. Naka dai ya samu sana'a."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Likita, ki gaya mini tsakani da Allah. Zai dawo mata?"

"Ban sani ba. Wasu yana dawo musu, wasu sai mun nemi wata hanya daga farko, kamar jin tafin ƙafa a ƙasa ko sauraron wani sauti. Amma sai ta yarda ta zo, kuma ba kai za ka sa ta yarda ba."

"To me zan yi?"

"Ka ba ta haƙuri sau ɗaya, gajere, kada ka yi mata wa'azi. Daga nan kada ka ƙara ambata mata numfashi. In kana so, ka riƙa yin naka minti goman, don kanka. Kada ka gayyace ta, kada ka leƙa ka ga ko tana kallo."

Ya ba ta haƙurin a bakin ƙofar ɗakinta. Ya ce, "Auta, ke ce da gaskiya, ba haka Likita ta ce ba. Ni na ɓata. Ki yi haƙuri." Ta ce, "Na ji," ta rufe ƙofa. Ya tsaya nan da sauran jawabi cike da bakinsa, ya haɗiye shi da ƙyar.

Kada ka ce wai daga nan ya zama wani sabon mutum. Ina! A kan titi yana nan yadda yake, 'yan koyo na shan faɗa. Amma ƙarfe biyar na yi zai dawo gida, ya zauna a falo shi kaɗai, ya rufe ido, ya yi ta fama da kansa. Bai iya ba, kuma ya san bai iya ba. Mafi yawan minti goman nan lissafin laifinsa yake yi. Yana jin Auta a ɗaki tana kai da kawo, taku shida zuwa, taku shida dawowa. Yana ganin kayan makarantarta a goge a rataye, mako ɗaya, mako biyu, mako uku. Umma ta daina yi masa maganar, ta koma zuba masa abinci da hira kamar da, wannan kuma ya fi komai cin ransa, don gani yake bai cancanta ba.

A cikin mako na huɗu, wata Talata, yana zaune ido rufe sai ya ji takun ya tsaya. Ƙofa ta buɗe. Ya ji ta tsaya a bakin falo, ta daɗe. Duk jijiyar jikinsa na ce masa buɗe ido, yi mata murmushi, ce mata zo ki zauna. Ya cije.

"Baba."

"Na'am."

"Ka juya kujerarka ta kalli bango."

Ya tashi ya juya kujerar, ya zauna, hancinsa saura kaɗan ya taɓa fenti. Ya ji ta ratsa falon. Ya ji kujerar katako ta karɓi nauyinta. Shiru, shiru, har ya fara cewa ko ta fasa. Can sai katakon ya yi ƙara kaɗan, ya sake yi, ya sake yi, a hankali, gaba da baya. Ko numfashi take bi, ko lilo kawai take yi, ko idonta a rufe yake, ko kuka take, bai sani ba, kuma ba shi da ikon sani. Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu, ya ƙi sharewa don kada motsin hannunsa ya katse ta.

Ba ta kai minti goma ba, huɗu ta yi ko biyar. Ƙarar ta tsaya.

"Kana nan ciki har yanzu," ta ce. "Amma muryarka ta ragu."

Sai ta ƙara da cewa:

"Ranar Alhamis zan je wurin Likita. Umma ce za ta kai ni, a motar haya. Kai kada ka zo."

Mutumin da ya kai ta ko'ina tun tana cikin zani, wanda bai taɓa yarda wani direba ya ɗauke ta ba, ya buɗe baki zai ce ai motar haya ba ta da tabbas, ai direbobin yanzu ba su iya komai ba, ai ko a waje ne zai jira. Duk suka taru a kan harshensa.

Ya ce, "To, Auta."

Ta koma ɗakinta. Shi kuwa bai juyo ba, don ba ta ce ya juyo ba.